Dudu a Gindin Falwaya

Ranar da aka kafa falwayar a bakin ruwan Warra, Dudu tana wurin da kwandon warangi a gabanta, kuma har aka watse ba ta ga abin da ya tara mutane haka ba. Ƙarfe ne dogo, an ɗora masa farantin sola a ka, da wani farin akwati da bai fi kwanon sha ba. Wani mai babbar riga ya yi jawabi har muryarsa ta dushe, ya ce daga yau duk wanda ya zo gindin ƙarfen nan da waya zai sami intanet kyauta, ba sai ya sayi data ba. Aka yi tafi. Dudu ma ta tafa, don kada a ce ita kaɗai ce ba ta gane ba, sannan ta koma korar ƙudaje daga kan ƙananan kifayenta.

Da a ce wani ya gaya mata nan da 'yan watanni ita za ta riƙa riga kowa zama a wurin duk ranar kasuwa, da ta ce ya je a duba masa kai.

Dudu a Tungar Baushe take, wata tungar masunta a ƙetaren ruwa, tafiyar awa guda a jirgin inji idan iska ba ta tashi ba. 'Ya'ya biyar ta haifa, biyu suka rayu. Sa'adatu aure ya kai ta Shanga, sai Sallah ake ganin ta. Babban kuwa, Mustapha, shekararsa goma sha shida yana su a tafkin Lagdo, can ƙasar Kamaru, inda samarin tunga suka bi kifi lokacin da na gida ya yi ƙaranci. Can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya'ya huɗu, kuma sau uku kacal ya zo gida.

Mustapha ɗan fari ne, Dudu kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske, ba irin ta yanzu da ake yi da baki kawai ba. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba. Kakarsa ce ta goya shi, ita ta yaye shi. Idan zance ya kama dole, sai Dudu ta ce "yaron nan", ko da yake yaron nan ya fara furfura a gemu. Baƙo zai ce ba ta son sa. Mutanen tunga kuwa sun san idan an yi miyar giwan ruwa, tsokar da ta fi kyau a kwanon wa take faɗawa.

Wannan kunya ba ta taɓa raba su ba, domin akwai Dauda, mijinta, a tsakani. A tungar babu sabis sai a kan wani tsohon suri da ke bayan gari. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Dauda zai hau surin da 'yar ƙaramar wayarsa ya jira kiran Lagdo. A daidai lokacin nan ne kuma kullum itacen Dudu yake ƙarewa. Sai ta ɗauki igiya ta je tsintar ƙirare a gindin surin, wurin da babu ko tsinke, ta juya baya, ta kasa kunne.

"Malam, ka ce mishi shi bar shiga ruwa da zazzaɓi," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Dauda zai gyara murya ya ce, "Innarka ta ce ka bar shiga ruwa da zazzaɓi."

Mustapha ya riga ya ji da kunnensa, don muryar Dudu ba ta ɓuya. Duk su ukun sun san ya ji. Amma sai ya jira uban ya maimaita, sannan ya ce, "To, Baba, ka ce mata na ji." Haka suka yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa yin dariya.

Sai ga shi da damina Dauda ya kwanta ciwon kwana shida, ya rasu. Labari bai kai wa Mustapha ba sai bayan kwana huɗu, don yana can tsakiyar ruwa a sansanin masunta. Bai zo bakwai ba. Matarsa tana kan gwiwa a lokacin, hanya kuma ta lalace, bai zo arba'in ba. Abin da ya iso shi ne babbar waya irin wadda ake shafawa, a hannun wani mai fataucin banda, da saƙon cewa an ce an kafa ƙarfen intanet a Warra, Inna ta riƙa zuwa da ita can ranar kasuwa.

Mai kula da falwayar wani dattijo ne, Benjamin, mutumin Kambari, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Shi ke goge farantin sola, shi ke sa wa mutane caji a jikin akwatin, shi ke haɗa wayar wanda bai iya ba. Dudu ta miƙa masa tata a naɗe cikin ƙyalle. Ya danna nan, ya shafa can, sai wayar ta hau ɓari a hannunsa kamar tarwaɗa a cikin ƙwarya.

"Inna Dudu, saƙon murya goma sha ɗaya," in ji shi. "Wani yana nemanki da gaske."

Ya nuna mata inda za ta taɓa. Ta kara a kunne, ta ji "Inna, ina kwana," a cikin kunnenta ita kaɗai, ba kowa a tsakani. Sai da ta waiga hagu da dama kamar wadda aka kama da sata.

Daga ranar nan mako ya zama mata abu biyu: ranar kasuwa, da sauran kwanaki shida na jiran ranar kasuwa. Tun da hantsi za ta shiga jirgin Zulkiflu, mai jigilar 'yan tunga, da kwandonta a ka da wayar a ɗaure a bakin zane. Kafin ta kasa kifi sai ta biya ta gindin falwaya, ta tsaya har wayar ta yi ɓari. Benjamin ya koya mata cewa saƙon da ya riga ya shigo ba ya fita, ko a tunga za ta iya sake ji. Don haka a gida, idan ta hura wutar banda ta jera kifi, sai ta zauna bayan murhun inda hayaƙi ke korar mutane, ta yi ta sauraro. Ta san sunan jikokin da ba ta taɓa gani ba. Ta san wanda ya cire haƙori, ta san ranar da dorina ta kife wa maƙwabcinsa kwale-kwale. Ta san yana wani busasshen tari tsakanin magana da magana, tarin da bai bar ta ta sake ba.

Gidan ya yi mata girma. Komar kamun kifin Dauda tana nan a rataye jikin darni, ɓeraye sun fara cin ta, ta kasa bayarwa. Ta kan dafa tuwon mutum biyu ta manta, sai ta zo kwashewa ta tuna. Kewa ce take cin ta, kewar mamaci da kewar mai rai a haɗe, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Kowane saƙo da abu ɗaya yake ƙarewa: "Inna, ki danna wurin nan ki yi magana, ko gaisuwa ta." Benjamin ya nuna mata wurin, ya ce ta danne da yatsa ta faɗi abin da za ta faɗa, ta saki, shi ke nan. Ta ce to. Ta naɗe wayar a ƙyalle.

To, wa za ta ce wa me? Kuma a ina? Gindin falwayar nan ranar kasuwa ya fi kasuwar kanta cika. Masu jirgi, masu banda, 'yan acaɓa, malaman makaranta, kowa ya ɗaga waya yana ƙwala wa nasa kira, wannan Legas, wancan Gana, wancan wurin haƙar zinariya. Sirrin gidaje duk a waje yake. A nan ne za a ce Dudu ta Dauda, da tsufanta, ta buɗe baki ta yi hira da ɗan fari, duk Warra tana ji?

Ƙawarta Ladidi, mai sayar da soyayyen kifi kusa da wurin, ba ta da wannan damuwar. Nata ɗan, Nura, auta ne, don haka fuska da fuska suke hira a waya, tana zagin sa tana dariya.

"Ke Dudu, zamani ya wuce wanga abu," in ji Ladidi. "Mu da munka ga jiya mu ad da ikon bari. Danna ki ce lahiya lau, ƙasa ba ta tsagewa."

"Ke dai ki ce mishi muna lahiya."

Ladidi ta karɓi wayar, ta danna, ta zuba zance kamar an kunna rediyo. Ta ce Innarsa tana gaishe shi, tana sa masa albarka dare da rana, tana kuka don kewarsa. Dudu ta fizge wayar, amma saƙo ya riga ya tafi. Sau biyu aka yi haka. A na biyun Mustapha ya amsa da ladabi, ya yi wa Gwaggo Ladidi godiya, sannan ya ƙara da cewa ya san halinta tun yana yaro, ko ba a aike ta ba takan isar da saƙo.

Daga nan saƙonnin suka fara raguwa. Biyar a mako suka koma uku, uku suka koma ɗaya. Wata ranar kasuwa ta tsaya a gindin falwaya har rana ta take, wayar ba ta motsa ba. Ta kai wa Benjamin ta ce ƙarfensa ya lalace. Ya duba, ya ce ƙarfe lafiyarsa lau, ba a aiko ba ne. Ya faɗa a hankali, bai dube ta ba.

Mako na gaba saƙo ɗaya ya shigo, gajere.

"Inna, ina kwana. Wata bakwai ke nan ina aiko magana. Duk wadda kinka saurara alama tana komawa shuɗiya nan wurina, na san kina ji. Da Baba shina da rai, ko ba da ni kike ba, ina jin muryarki daga baya. Yanzu ko tarinki ban ji ba. Na san abin da niy yi. Ba ni nan anka rufe shi, ban zo bakwai ba, ban zo arba'in ba. In hushi kike, kina da gaskiya. Ba ni ƙara damun ki da surutu. In wata rana kin yahe mini, a gaya mini."

Dudu ba ta san wayar tana kai rahotonta ba. Ashe duk lokacin da ta ɓuya bayan murhun banda, yana can yana ganin ta ji, kuma ta yi shiru. Shi da ya san kunyar nan tun yana cikin zanen goyo, nisa da laifin da ya ɗora wa kansa sun sa ya karanta ta a matsayin fushi. Ranar ba ta san yadda ta sayar da warangin ba. Wata mata ta ɗauki kashi uku ta ce biyu ne, Dudu ta ce to.

Kwana shidan nan ba ta ji daɗin komai ba. Ta gwada a gida. Ta shiga ɗaki ta saki labule, ta ce bari ta fara da sunan, tun da ba kowa. Leɓɓanta suka haɗu a kan harafin farko, suka ƙi rabuwa. Shekara arba'in da ɗaya harshe yana kauce wa suna ɗaya, ba rana ɗaya zai koma ya same shi ba. Ta bar sunan, ta gwada "kana lafiya?" Ita ma ta maƙale. Haushin kanta ya kama ta, ta ji haushin Dauda da ya tafi ya bar ta da bakin da bai iya hanya ba, sannan ta yi istigfari. Ranar Juma'a bayan an sauko, ta ga kanta a gindin suri da igiya a hannu. Ta tsaya kaɗan, ta koma gida ba ko ƙirare ɗaya.

Ranar kasuwa ba ta ɗauki kwando ba. Zulkiflu ya tambaye ta ko kifi ya ƙi, ta ce yau hutu take yi. Da suka isa, ta jira a gindin falwaya. Wayar ba ta yi ɓari ba. Yaron nan tun yana ƙarami idan ya ce ya daina abu, to ya daina.

Ta matsa kusa da Benjamin, ta rage murya.

"Malam Benjamin, wanga abin naku, har ina shika kaiwa?"

Ya dube ta, ya dubi taron da ke ta ihu a cikin wayoyi. Shekara talatin ya yi yana koyar da 'ya'yan masunta, ya san iyayensu. Bai tambaye ta dalili ba. Ya nuna mata wani fasasshen kwale-kwale da aka kife can gefen ruwa, nesa da inda jirage ke tsayawa.

"Nan ne iyakarsa. Kin wuce shi da taki biyu, ya yanke. Ba mai zama can, rana ta yi yawa."

Ta bari sai da aka kira azahar, maza suka ragu, Ladidi ta shagala da mai a kasko. Sannan ta tafi ta zauna a kan bayan kwale-kwalen. Katakon ya yi zafi. Gabanta ba komai sai ruwa, fari fat da rana, har inda ido ya ƙare. Ta warware ƙyallen, ta danne wurin da yatsa.

Ta ji numfashinta, ta ji ruwa yana bugun gaɓa. Ta ga wayar ta yi mata kusa da fuska da yawa, kamar yaron ne a tsaye gabanta yana kallon bakinta. Sai ta miƙe hannu ta nisanta ta, ta ɗaga ta sama kaɗan, daidai inda takan kasance idan mutum yana tsaye a kan suri. Ta kau da kai, ta dubi ƙasa.

Ba ta shirya ba, bakin ne ya bi tsohuwar hanyarsa.

"Malam," in ji ta, "ka ce mishi..."

Muryar ta karye. Wata tara ke nan ba ta kira wannan sunan ba. Ba ta saki yatsan ba.

"Ka ce mishi ba hushi nike ba. Ka ce mishi kai da bakinka kac ce kada a gaya mishi kana kwance, don kada shi baro mata da tsohon ciki shi taso. Ni ce nir rufe bakin mutane, ba shi da laihi. Ka ce mishi duk maganatai ina ji, wata sau goma. Ƙaramar nan da anka sa ma sunana, a bar aske mata kai da sanyi. Tarin nan da shike yi, shi nemi magani, ba na son shi." Ta tsaya, ta share fuska da gefen mayafi. "Ka ce mishi gidan ya yi shiru da yawa. Kada shi daina."

Ta saki. Wani ɗan ƙara ya fito, saƙon ya tafi. Kunya ta rufe ta daga kai har ƙafa, ta waiga, ba kowa sai wata akuya tana cin ɓawon rake.

Ta yi azahar ɗinta a nan gefen, ta dawo ta zauna. Rana ta karkata. Kasuwa ta fara watsewa, ana ɗora buhuna da jarkoki a jirage. Ta san wataƙila yana cikin ruwa, wataƙila sai gobe zai gani, ita kuwa gobe tana tunga, sai bayan kwana bakwai. Bayan la'asar Zulkiflu ya fara kiran 'yan Tungar Baushe. Ya kira sau ɗaya, ya kira sau biyu. A na uku ya tako da kansa.

"Inna Dudu, iska na tasowa. In munka ƙara jimawa sai mu kwana nan."

"Ina zuwa."

Ta miƙe, ta yi taki ɗaya, ta tsaya gyara ɗaurin zane da ba abin da ya same shi. Ta sunkuya neman takalmin da ke ƙafarta. Zulkiflu ya buɗe baki zai yi magana, sai wayar ta yi ɓari a hannunta.

Ba ta saurara a nan ba. Ta shiga jirgi, ta sa rigar ruwan da aka miƙo mata, ta zauna can gaba inda ba mai son zama saboda feshi. Sai da Warra ta koma baya, falwayar ta zama kamar tsinke a bakin gaɓa, sannan ta ja mayafi ta rufe kai, ta kara wayar a kunne.

Da farko ba magana, sai numfashin babban mutum da ke ƙoƙarin kada a ji yana kuka. Can baya ana jin ruwa, wani ruwan daban, yana bugun wani jirgin. Ya yi tarin nan nasa. Ya jira kaɗan, daidai tsawon lokacin da uban kan ɗauka kafin ya gama maimaitawa.

"To, Baba," in ji Mustapha. "Ka ce mata na ji."

Iyakar saƙon ke nan. Dudu ta sake dannawa, ta sake ji, har sau huɗu kafin su kai tsakiyar tafki. Matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko lafiya, ta ce feshin ruwa ne ya shigar mata ido.

Da suka sauka a tunga, ba ta bi hanyar cikin gari ba, ta zaga ta bayan gari, ta wuce ta gindin suri. Ta isa gida ta hura wuta, ta auna garin tuwo. Sai da ta zuba na mutum biyu a ƙwarya, sannan ta tuna, ta mayar da rabi cikin buhu.